Masu Gasa Cuku

A shekarun 1940, a birnin Ditroyit na Amurka, wata matar aure mai suna Evelyn Overton ta ci karo da bayanin yadda ake kek ɗin cuku a cikin jarida. Ta gwada, waɗanda suka ɗanɗana suka yaba, har ta kai ga buɗe ɗan shago. Da rainon 'ya'yanta biyu ya sha kanta sai ta rufe shagon, ta kwashe kayan aikin ta sauke su a ɗakin ƙarƙashin gidanta, ta ci gaba da gashi tana kai wa gidajen abinci na garin. A haka ta share fiye da shekara 20. A 1972 ita da mijinta Oscar suka tattara 'yan kuɗin da suka rage musu suka yi ƙaura zuwa Los Anjalis suka buɗe gidan gashi. A 1978 kuma ɗansu David ya buɗe gidan cin abinci a Beverly Hills don mutane su zauna su ci kek ɗin mahaifiyarsa. Wannan gida shi ne mafarin The Cheesecake Factory, wanda rassansa suka haura 200 a yau.

Ƙofar da ta bi ce ta sa na fara da ita. Sana'ar nan tana da manyan gidaje masu injuna da motocin sanyi, amma mashigarta kicin ce: oben ɗaya, gwangwani biyu, da maƙwabta masu yabo. Ta nan matan Kano da Kaduna da Abuja masu karɓar oda ta WhatsApp da Instagram suke shigowa yanzu. Sun fara da kek ɗin biki da cincin da donot, sai kwastoma ta fara tambaya ko suna yin cizkek, kamar yadda sunansa yake a bakin masu sana'ar. Ba a jima ba tambaya ta biyu ta biyo baya: ko akwai wanda ba shi da maiƙo sosai? Likita ya ja wa Alhaji kunne, Hajiya kuma tana lissafin abin da take ci. Tambaya ta biyun nan ita ce ke raba wadda ta san aikin da wadda ta haddace awo kawai.

Abin da ya kamata sabon shiga ya fara sani shi ne, wannan abu sunansa ne kawai kek. Ba a sa masa yis, ba a sa masa bekin foda, ba a son ya tashi. Fulawa in ma an sa, ba ta wuce cokali biyu ko uku. Cuku ne mai laushi da sukari da ƙwai, kuma ƙwan ne ginshiƙinsa. Duk wadda ta taɓa turara ƙwai da madara ta san halinsu: a wuta kaɗan su daskare lumui, a wuta mai yawa su tsinke, su yi hudoji, su tsatso da ruwa. Ilahirin sana'ar a kan wannan halin aka gina ta.

Tsohon abinci ne. Kimanin shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa, wani dattijon Rum mai suna Kato ya rubuta littafi a kan aikin gona, a ciki ya kawo yadda ake kwaɓa cuku da gari da zuma da ƙwai a gasa a cikin kasko a rufe. Masu girkin fadar Sarki Richard na Biyu na Ingila su ma sun rubuta nasu wajen 1390, da furen wata bishiya don ƙamshi. Amma abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne irin cukun da mutanen Turai suka saba gasawa. Jamusawa suna amfani da kuwak, wato madarar da ta yi tsami aka tace ruwanta, kuma akwai irinsa da man da ke ciki bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Mutanen Poland suna yin nasu, da suke kira sernik, da farin cukun manoma wanda sai an niƙa shi sau biyu ko uku kafin ya yi laushi. Italiyawa kuwa rikota suke sawa, abin da ake samu daga ruwan da ya rage bayan an gama cire cuku. Duka ukun cimar makiyaya da manoma ce, mutanen da suke kwashe man su sayar, su gasa abin da ya saura.

Amurka ce ta zuba wa abin kitse. A 1872 wani mai sana'ar madara a garin Chester na jihar Niyok, William Lawrence, yana yin wani cuku mai laushi irin na Faransa da ake kira Nufshatel, sai ya riƙa ƙara masa kirim har ya zama wani abu daban. A 1880 aka fara sayar da shi a naɗe cikin takardar ƙarfe da sunan Philadelphia, ba don a can ake yinsa ba, sai don a lokacin garin ya yi suna wajen kayan madara masu kyau. A 1928 sunan ya koma hannun kamfanin Kraft. Har gobe dokar Amurka ba ta yarda a kira abu cukun kirim ba sai man da ke cikinsa ya kai kashi 33 cikin 100, ruwansa kuma bai wuce kashi 55 ba.

Yahudawan da suka yi hijira daga Jamus da gabashin Turai zuwa birnin Niyok sun zo da kek ɗinsu na farin cuku, suka tarar da wannan sabon cuku mai santsi, suka musanya. Wani mai gidan abinci, Arnold Reuben, ya yi ta iƙirarin shi ya fara, ko da yake a irin wannan magana kowa gwaninsa yake yabo. Gidan Lindy's da aka buɗe a 1921 a titin Broadway shi ya fitar da sunan kek ɗin, sannan a 1950 Harry Rosen ya buɗe Junior's a Buruklin, shi da mai gashinsa Eigel Peterson suka daidaita nasu, wanda suke ɗora wa a kan siririn kek mai laushi maimakon dakakken biskit. Gidan Junior's yana nan a mahaɗar titin Flatbush da DeKalb. Abin da duniya take kira kek ɗin cuku na Niyok ke nan: dogo, mai nauyi, mai kama harshe.

Mu ɗan yi lissafi, don mai sana'ar da ba ta lissafi ba ta san abin da take sayarwa ba. Kek ɗin Niyok na gida, a gwangwani mai faɗin santimita 23, yakan ci ƙunshin cuku huɗu, kowanne giram 226, wato kusan giram 900. Kashi ɗaya cikin uku na wannan mai ne: giram 300, kwatankwacin man da ke cikin sandar bota ɗaya da rabi mai giram 250. Ba a zo kan kirim da ƙwai da botar da ke ƙasa ba. Sukari kuma yakan kai giram 250 zuwa 300. In an yanka gida 12, kowane yanka yana ɗauke da mai giram 25 daga cuku kaɗai, da sukari fiye da giram 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, kusan giram 50 ga baligi. Tun 2018 da doka ta tilasta wa gidajen abinci masu rassa 20 ko fiye a Amurka su rubuta kalori a gefen kowane abinci, masu saye suka ga da idonsu cewa akwai yankan da ya haura kalori 1,000, rabin abincin yini a kan ɗan faranti guda.

A nawa ganin, wadda ta rage wa kek ɗin nan maiƙo ba ta ɓata gado ba. Komawa ta yi ga abin da kakannin Jamusawa da na Poland suke yi kafin Lawrence ya tsoma hannu. Sai dai akwai hanyar ragewa, akwai kuma hanyar ɓarna, kuma sabon shiga ta biyun yakan fara bi, saboda ita ce ta fi kama da hankali: a sayo cukun da aka rubuta babu mai ko kaɗan, a sayo sukarin masu ciwon suga, a zubar da gwaiduwa a bar farin ƙwai, a gasa. Abin da zai fito daga oben ɗin, in kin danna shi da yatsa zai turo ki. Dalilin a fili yake. Ƙwai da cuku suna da sinadarin gina jiki wanda zafi ke sa shi ya harɗe da juna. Mai da sukari su ne suke shiga tsakani su hana harɗewar ta yi tsanani. In aka kore su duka, babu mai raba faɗan. Cukun da aka tsame wa mai kuma da ƙaro iri-iri masana'anta suke riƙe shi, ya yi kyau a kan burodi, amma a wuta sai ya zama roba.

Masu aikin da suka ƙware rabi suke taɓawa. Wasu su koma ga Nufshatel na Amurka, wanda mansa yake wajen kashi 23 cikin 100, shi ya sa ake tallarsa da cewa ya rage kashi ɗaya cikin uku. Wasu kuma, kuma ni ina bayansu, su bar rabin cukun yadda yake da mansa, ɗaya rabin su maye shi da tataccen yogot. A nan ne muke da abin faɗa, don wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ake kwana da kindirmo. Cukun da muka sani, irin busasshen nan na makiyayan Nijar da ake ci da shayi, ba zai yi wannan aiki ba, ya yi tauri. Warar da ake daskararwa da ruwan tumfafiya ita ma ba ta da tsamin da ake nema. Kindirmo ne ɗan'uwan kuwak na kusa.

Yadda ake yi, a samu farin ƙyalle mai tsabta, irin na tatar gasara, a shimfiɗa a kan rariya, a ɗora rariyar a kan kwano, a juye kindirmon ko yogot marar sukari, a rufe a sa a firji ya kwana. Kafin safiya wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taru a kwanon, abin da ya rage a ƙyallen kuma ya yi kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Larabawan Sham labna suke ce masa. Lita ɗaya takan ba da rabi ko ƙasa da haka, don haka a sayi lita guda in ana neman giram 400. A kula da inda aka saya: kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara ake so, na jiya ko na yau, wanda tsaminsa bai kai ga yamutsa fuska ba. Nonon talla da aka sirka da ruwa aka kaurara da garin kuka a bar wa fura. Ruwan da ya tsatso kuma kada a zubar, yana kyau a kwaɓin fanke ko burodi.

Ga awon da na zauna a kai bayan gwaji da yawa, na gwangwani mai faɗin santimita 20: cukun kirim giram 450, tataccen kindirmo giram 400, sukari giram 160, ƙwai 3, konfulawa cokali 2 na cin abinci, gishiri ɗan tsunkule, da kankararren ɓawon lemon tsami guda, koren saman kawai, ban da farin da ke ƙasa mai ɗaci. Man da ke cikin cukun da kindirmon a haɗe bai kai giram 200 ba, inda a da yake 300. Konfulawar nan kada a raina ta. Tataccen kindirmo ya fi cukun kirim ruwa, ya kuma fi shi sinadarin gina jiki, wato ya fi saurin tsinkewa. Garin ne zai shanye ruwan ya kuma tsaya a gurbin man da aka cire. A auna komai da sikeli. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan sana'a kimar ido ba ta isa, musamman idon da bai saba ba.

Sukari yana karɓar ragi har kashi ɗaya cikin uku ba tare da kowa ya lura ba, in dai an sa gishiri da lemon tsami, don su biyun suna tayar da ɗanɗano. Fiye da haka sai kek ɗin ya koma tsami zalla, kuma a tuna da sanyinsa ake ci, sanyi kuwa yana dushe zaƙi. Masu cewa sun cire sukari sun sa zuma don lafiya, ina ganin girmansu, amma a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya zuma da sukari layi ɗaya suke. A sa zuma don ƙamshinta, kada a sa ta don a yaudari kai.

Shimfiɗar ƙasa kuma tana da nata abin dariya. Biskit ɗin da Amurkawa suke dakawa su kwaɓa da bota sunansa ya samo asali ne daga Sylvester Graham, wani mai wa'azi na ƙarni na 19 da ya ƙare rayuwarsa yana kiran mutane su ci alkama da dusarta su guji kayan daɗi. Da zai ga abin da aka ɗora a kan sunansa da ya yi Allah ya isa. Namu na nan, dayijestib na McVitie's da makamantansa, tun 1892 ake yinsa, kuma sunan ya fito ne daga zaton cewa sodar da ke ciki tana taimakon narkewar abinci. Ban da wannan zato, biskit ne mai sukari da mai kamar saura. Don haka a rage shi: giram 120 da narkakkiyar bota giram 40 sun isa su rufe gindin gwangwani, ba sai an hau da shi gefe ba. Wadda take so ta bar botar gaba ɗaya, ta jiƙa dabino ta kirɓa shi da soyayyiyar gyaɗa, danƙon dabinon zai riƙe. A danna da gindin kofi, a gasa minti goma, a bar shi ya huce.

Yanzu aikin hannu. Komai a fito da shi daga firji tun da awa ɗaya ko biyu, don cuku mai sanyi gudaji yake yi, kuma gudajin da ya shiga kwaɓi ba ya fita. A fara buga cukun da sukari da konfulawa har su yi sumul, ana kankare gefen kwano. A zuba kindirmo. Ƙwai shi ne na ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da zarar ya ɓace a cikin kwaɓin a tsaya. Mai yin kek ɗin biki ta saba da cewa yawan bugu shi ne auki. A nan dole ta danne hannunta. Iskar da miksa ta cusa za ta kumbura a oben, kek ya tashi kamar abin arziki, in ya huce ya zauna, wurin zaman ya dare. Wadda ba ta da miksa ba ta yi asara ba, maburgi da kwano sun wadatar.

Gwangwanin sana'ar mai maɗauri ne a gefe, ana ɓalle shi bango ya fita ya bar kek a zaune a kan gindi. A shafa wa bangon mai, a naɗe ƙasansa da takardar alminiyom ninki biyu, a zaunar da shi a cikin faffaɗan tire, a zuba ruwan zafi ya kai rabin tsayinsa. Hikimar ruwan ita ce, duk zafin oben, shi ba zai wuce digiri 100 ba, don haka gefen kek ɗin ba zai ƙone yana jiran tsakiya ba. Oben a digiri 150 zuwa 160, minti 50 zuwa awa ɗaya. Sai babbar jarrabawa: sanin lokacin da za a kashe wuta. Gefe ya daskare, tsakiya kamar faɗin bakin kofin shayi tana rawa in an girgiza tiren. Mai ma'aunin zafi za ta ga wajen digiri 65 a tsakiyar. Ya wuce 70, ƙwan ya fara matsewa.

A nan na faɗi a karon farko. Dangin maigida ne za su zo, na ce bari in nuna bajinta. Lokaci ya cika na buɗe oben, na ga tsakiya tana motsi, zuciyata ta ce ɗanye ne, wa zai ba surukai ɗanyen ƙwai? Na soka tsinke kamar yadda ake wa kek, ya fito da danshi, na ƙara minti ashirin. Da na fito da shi ya yi kyau ƙwarai, na ajiye a kan tebur ƙarƙashin fanka don ya yi saurin hucewa. Kafin in idar da la'asar ya dare gida uku, kamar ƙasar fadama a watan Afrilu. Na yanyanka mangwaro na lulluɓe ɓarnar. An ci, an ce an gode, yayar maigida ta ce, "Amarya, sannu da ƙoƙari." Duk macen da aka taɓa yi wa wannan sannu ta san fassararta.

Laifi biyu na yi, na biyun ma ya fi. Kek ɗin cuku yana ci gaba da dahuwa bayan an kashe wuta, kuma yana tsukewa in yana hucewa. In sanyi ya buge shi farat ɗaya, ko gefensa ya manne da bango, tsakiya ce za ta biya. Ana kashe oben ne a saƙala cokalin katako a ƙofar, a bar shi ciki awa guda. A fito da shi, a zagaya gefen da siririyar wuƙa, a bar shi ya huce sarai, sannan firji, aƙalla awa shida, in so samu ne ya kwana. Wanda ya kwana ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Masu sana'ar ba sa karɓar odar yau-yau saboda wannan, ba don jan aji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wadda duk wannan ya tsorata ta, akwai mafita daga ƙasar Sifaniya. A tsohuwar unguwar birnin San Sebastiyan akwai wani gidan abinci, La Viña, inda mai gidan, Santiago Rivera, ya fito da nasa salon wajen 1990. Ba shimfiɗar biskit, ba tiren ruwa. A cusa takardar gashi a gwangwani yadda ta ga dama, a juye kwaɓi, a ba shi wuta mai ƙarfi, digiri 200 ko fiye, har samansa ya yi baƙi-baƙi kamar ƙanzo, cikinsa kuwa yana nan da laushi. Ya tashi, ya zauna, ya tsage, duk ado ne. Yanzu daga Istanbul har Tokiyo ana sayar da shi. Na asalin yana da kirim mai yawa, amma rashin biskit da bota kaɗai ragi ne, kuma kindirmo yana iya tsayawa a gurbin kirim ɗin. Na Japan, wanda ake buga farin ƙwai ya yi kumfa a haɗa, shi ya fi duka rashin nauyi don cukunsa kaɗan ne, sai dai ba na sabon shiga ba ne. A bar shi sai hannu ya faɗa.

Wadda ba ta da oben kuma, kada ta kai shi tukunyar yashi da ake gasa kek, zafin ƙasa zai yi masa yawa. Turara shi za ta yi kamar alala: a zuba a ƙananan gwangwanaye, a rufe bakinsu da takardar alminiyom don kada ruwan murfi ya ɗiga, a jera a kan madambaci, wuta can ƙasa. Ba zai yi launin gashi ba, amma laushinsa sai ya ba ki mamaki.

Wahalar sana'ar a wajenmu ba a gashi take ba. Cukun kirim daga waje ake shigo da shi, farashinsa da dala yake tafiya, kuma ba kowane kanti ke ajiye shi ba. A nan ma kindirmo ya yi rana, don ya raba kuɗin cuku biyu. Sai wuta. Kek ɗin biki zai kwana a kan tebur lafiya lau, wannan kuwa ƙwai ne da madara: ƙa'idar masu kula da tsabtar abinci ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. A firji mai sanyin digiri 4 yana yin kwana uku zuwa huɗu. Mai sana'ar da aka ɗauke wa wuta da tsakar dare tana da oda biyar a firji ita ta san abin da ake nufi da fargaba. Shi ya sa da yawa suka koma yinsa a ƙananan kofuna masu murfi, a kai a cikin kula da ƙanƙara. Abin da ya taimaka shi ne yana jure daskarewa. A kan wannan Charles Lubin na Shikago ya gina kasuwarsa: a 1949 ya sa wa kek ɗin cukunsa sunan 'yarsa, Sara Lee, a shekarun 1950 kuma ya fara daskarar da shi yana aikawa jihohi masu nisa.

Akwai abu biyu da mai saye Musulmi yake da haƙƙin tambaya, mai sayarwa kuma ya kamata ta san amsarsu. Irin da ba a gasawa, wanda ake daskararwa a firji, sau da yawa da jelatin ake riƙe shi, kuma kaso mai yawa na jelatin ɗin kasuwar duniya daga fatar alade ake yinsa. A duba kwalin, a nemi na shanu mai shaidar halal, ko agar da ake samu daga ciyawar teku. Ruwan banila na asali kuma a cikin barasa ake jiƙa shi. A Amurka doka ma ta ce sai ta kai kashi 35 cikin 100. Akwai na gari, akwai marar barasa, ɓawon lemon tsami ma ya isa.

Saura baƙi. Shawarata ita ce kada ki yi sanarwa. Da zarar kin ce "wannan na masu kula da lafiya ne," harshen baƙo ya shiga neman abin da aka cire, kuma zai samu ko da babu. Ki yanka da wuƙar da aka tsoma a ruwan zafi aka goge, kowane yanka a sake tsomawa, gida 16 maimakon 12. A sama ki sa abin da ke da tsami da launi: mangwaro in lokacinsa ne, sitiroberin Jos in an samu, ko ki dafa zoɓo da ɗan sukari da rabin cokalin konfulawa har ya yi kauri, jansa a kan farin kek ya isa ado. Ki haɗa da shayi marar sukari. In kin ji an fara zancen da ba shi da kai, wani yana tambayar ko gidan nan ana ba da hayar ɗaki, to santi ya kama, aiki ya yi.

Mutum ɗaya ne ba a ɓoye wa komai: wanda likita ya sa wa doka. Rage maiƙo da sukari bai mayar da kek ɗin nan magani ba, kowane yanka cikin 16 yana nan da sukarinsa giram 10 ban da na biskit da na zoɓo. Mai ciwon suga a gaya masa gaskiya ya zaɓa da kansa, wanda gyaɗa ko madara ba ta karɓe shi ba shi ma haka.

Uwargida, in baƙin naki na Asabar ne, daren Alhamis za ki juye kindirmo a ƙyalle, ki gasa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kwana a firji. In kin buɗe oben kin ga tsakiya tana rawa, don Allah ki kashe wutar.